Kujerun Fure Goma Sha Ɗaya

Ranar da na yi ɓarnar da hantsi ne, kaka ta shigo, kuma sekatar ɗina yana da kaifi, don da kaina na wasa shi da safen nan. Sekatar shi ne almakashin yankan reshe. Na fara da shi ne saboda ku ƴan matan da kuke zuwa lambun Baba Ilu neman aiki, tun ba ku ajiye jaka ba tambayarku ɗaya ce: yaushe za a ba mu sekatar? A ganinku sana'ar nan zuba ruwa ce da ƙwas-ƙwas. Ni ma haka na ɗauka. Shekarata uku kawai a cikinta, ban isa in yi wa kowa wa'azi ba. Amma biyu daga cikin ukun nan na yi su ne a kan shuka guda, kuma sai shekaranjiya maganar ta ƙare.

Sunana Balki, ƴar Zermu ce ni. Na yi kolej har aji na huɗu, na zauna jarrabawar birebe ban samu ba, sai aka kawo ni Damagaram wurin gwaggona a Kara-Kara. Ita ta kai ni wurin Baba Ilu, dattijon da ke da lambun renon itace a bakin tafki. Bai tambaye ni takarda ba. Cewa ya yi in buɗe hannu, ya dubi tafin, ya ce, "Wannan ta riƙe hauya. Gobe ta zo."

Ga dalilin da ya sa yake neman mace. A cikin Birni akwai gidaje tara na dangi ɗaya, Barebari ne, tun kakanninsu suke nan. Baba Ilu ne ya dasa musu duk wani lalle da lemu da furen da ke tsakar gidajen, amma shi iyakarsa zaure. Gidajen ba a shiga. Ma'aikaci kan shiga in maigida ya shigo da shi da kansa, a kawar da mata, to wa zai yi wannan wahala duk mako saboda lalle? Don haka sai ya zama shi ne ido, ni ce hannu. Yana zaune a zaure, in shiga in yi aiki, in fito in ba shi labari. Gidajen nan tara su ne abincin lambun. Da damina kowa na sayen dashe, amma in rani ya yi ba mai leƙo mu, su kaɗai ke riƙe mu har ruwa ya sauka.

Watannina na farko cika leda na yi. Yashi kashi biyu, taki kashi ɗaya, a tankaɗe, a cika, a jera. Sai ɗaukar arozuwar, butar ban-ruwa, daga tafki zuwa layin zogale har kafaɗa ta daina jin ciwo. Bisa al'ada sai mutum ya shekara kafin a ba shi sekatar. Ni a wata na uku aka ba ni, kuma abin da ya jawo haka shi ne mahaifina. A Zermu kowa ya san shi da sassabe. In gawo ya tsiro a gona da rassa goma, ba ya sare shi, sai ya zaɓi biyu masu ƙarfi ya bari, ya yanke sauran. Tun ina ƙarama nake bin sa. Karatun da ya ba ni ɗaya ne: itacen da ba a yi wa aski ba ba ya tashi. Baba Ilu ya ga yadda na gyara wani lalle da ya yi jeji, ya ce hannuna na da albarka. Kuma gaskiya ne a kan lalle. Gaskiya ne a kan zogale da buganbil mai furen takarda, ka yanke su yau, bayan mako biyu sun fito da sabon toho kamar suna godiya. Ban san akwai shukar da ba ta bin wannan doka ba.

Gidan Hajiya Yagana shi ne babba cikin taran, ranar Alhamis nake zuwa. A lokacin ba ta nan, an kai ta Yamai aikin ido. Na gama da lalle da buganbil da wuri, sai idona ya kai baranda, kusa da randunan ruwa. Akwai wata shuka a tsohuwar tukunyar ƙasa wadda Hajiya ba ta taɓa ce mini in taɓa ba, ba ta kuma taɓa ce mini kar in taɓa ba, ita ke kula da abarta. Ganyenta kauri gare shi, yana sheƙi kamar an shafa masa kakin zuma. Amma a idona duk ta yamutse. Wasu dogayen jijiyoyi sun fito ba ganye ko ɗaya, suna lilo a iska, wasu sun naɗe ƙusa. Nan da can kuma akwai wasu guntayen tsinkaye masu ƙulli-ƙulli a kai, baƙi-baƙi, kamar abin da ya bushe aka manta ba a cire ba. Na ce a raina, baiwar Allah ido ya yi rauni, ba ta ganin ƙazantar nan. Bari ta dawo ta tarar da abin mamaki. Na yanke dogayen jijiyoyin duka. Na bi tsinkayen ɗaya bayan ɗaya na datse su daga gindi. Na goge ganye da tsumma, na ja baya na duba, na ji daɗin aikina.

Na fito da kwandon shara zaure, Baba Ilu na zaune yana cin goro. Ya leƙa kwandon kamar yadda ya saba. Sai na ga ya daina tauna. Ya sa yatsa biyu ya ɗauko tsinke ɗaya.

"Balki, wannan daga ina?"

"Ta baranda, Baba. Mai kaurin ganyen nan. Na yi mata aski."

"Guda nawa kika cire?"

"Duka."

Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya juye kwandon a ƙasa, ya tsince su, ya jera a kan tabarma. Goma sha ɗaya.

A nan zauren ya yi mini karatun da ya kamata a ce na samu tun kafin in riƙe ƙarfe. Sunan shukar a littafi hoya, Hajiya kuma ƴar tangaran take ce mata. Ba ta fure a ko'ina sai a kan ɗan tsinken nan. Shi yake kira kujera, don fure kan zo ya zauna a kai, ya kaɗe, baɗi wani ya dawo ya zauna a wuri ɗaya. Kowane zama yana barin zobe a kan tsinken, shi ne ƙulli-ƙullin da na gani. Ya ɗaga mafi tsawo, ya kai tsawon ɗan yatsana, ya ce wannan ta girme ki a aiki. Dogayen jijiyoyin kuma, waɗanda yake kira bulalu, su ne sabon jiki. Shukar tana fara miƙa bulala tsirara ta nemi abin kamawa, daga baya ganye ya biyo, daga baya sabuwar kujera ta fito a jikinta. Ke nan na cire furen bana da na baɗi, na kuma cire hanyar da na gaba zai bi ya zo.

"A manna ba za a iya ba?" na ce.

Ya kwashe bulalun a rigarsa ya kai lambu ya dasa, ko Allah zai sa. Duk suka bushe.

Bayan kwana goma Hajiya ta dawo. Aikin idon bai yi ba sosai, haske da inuwa kawai take rarrabewa. Matan gidan sun ba ni labari cewa ko mayafi ba ta cire ba ta nufi baranda, ta sa hannu tana lalube. Ta bi reshe har ƙarshe, ta dawo, ta sake bi. Mijinta marigayi ne ya kawo shukar daga fatauci a Kamaru, ɗan guntu a jiƙaƙƙen tsumma, fiye da shekara ashirin da suka wuce. Kujerun nan da hannu ta san su, kowace da inda take.

Aka kira mu zaure. Babban ɗanta, Alhaji Bukar, ma'aikaci ne a biro, wato ofis, mutum mai magana a tsaye. Hajiya ta zauna a bakin ƙofar ciki. Ni ina tsugune bayan Baba Ilu.

"Malam Ilu," in ji Alhaji Bukar, "da girman marigayi babanmu muke kallon ka. Amma ka turo mana yarinyar da ba ta san ganye da shara ba. Daga yau kar in sake ganin kowa daga lambunka, nan da sauran gidajen. Zan gaya musu da kaina."

Baba Ilu ya ce, "Laifina ne, Alhaji. Ni na ba ta ƙarfe lokaci bai yi ba."

"To ka ji da shi."

Sai Hajiya ta yi magana, a hankali. "Bukar, ka gama?"

"Na gama, Iya."

"In ka kore su, wa zai dawo mini da ita? Kai?" Ta juya fuska wajen da take jin numfashina. "Ke ƴar nan. Ke kika yanke, ke za ki yi reno. Na ba ki damina biyu. In ta yi fure, magana ta mutu. In ba ta yi ba, abin da Bukar ya faɗa shi ne."

Haka aka tashi. A hanya Baba Ilu bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Abin da ya yi kawai, ya miƙo hannu ya ce in ba shi sekatar. Tun daga ranar, duk Alhamis a zaure nake barin shi, a ƙarƙashin ƙafarsa, in shiga gidan Hajiya da tsumma da ƴar buta.

Kuskurena na biyu ruwa ne. Mai tsoro ba ya iya zama haka nan, sai ya yi wani abu, ni kuma abin da na iya shi ne zuba ruwa. Cikin mako uku ganye huɗu suka yi rawaya suka faɗi. Na kawo su zaure. Baba ya murza ɗaya ya ce, "Kina so ki nutsar da ita ne? Ruwanta na cikin ganyen nan, shi ya sa ya yi kauri. Ki tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa biyu. In kin ji sanyi, ki ɗauke butarki ki tafi." Na ce to ko a sauya mata tukunya babba, saiwa ta cika wannan, har ta leƙo ta ƙasa. Ya ce ko kusa. Wai ita a matse take so. In ka ba ta fili, sai ta shagala da yin saiwa ta manta da fure. Aikina ya koma goge ganye, da duba ƙarƙashinsu saboda wani farin ƙwaro mai kama da auduga, in na gan shi in wanke da ruwan sabulu. Sauran duk jira ne. Ban san jira aiki ba ne sai a kan shukar nan.

Nakan ɗauki hoto da portabul, wayar hannu, in kawo masa. Ya kai shi kusa da hanci, ya nisanta, ya ce, "Ni ba na ganin komai sai fuskata. Faɗa mini da baki." Da haka na koyi kallo, don ba ya karɓar "lafiya lau take". Sai na faɗi ganye nawa, toho nawa, wane gefe, wane launi.

Da bazara ta kusa ƙarewa bulala ta farko ta fito, daidai ƙasa da inda na yanke. Wannan shi ne kawai alherin da aski ya yi: wurin da aka datse ya fito da biyu maimakon ɗaya. Kafin damina ta yi tsaka sun kai shida, ja-ja, tsirara, suna yawo a iska. Ina gaya muku gaskiya, duk da abin da ya same ni, in na dube su hannuna ƙaiƙayi yake yi. Ido ya riga ya saba, abin da ba ganye mushe ne. Ɗaya ma kanta ya bushe da zafi, na ce wa Baba ko in ɗan tsinke busasshen da farce. Ya ce, "Farcenki ma ki bar shi a zaure." Bayan wata ɗaya ganye ya fito a bayan busasshen wurin. Wata bulalar kuma ta kama ƙarfen tagar ɗakin Hajiya ta naɗe shi zagaye huɗu, na bar ta.

Daminar ta wuce ba fure. Alhaji Bukar ya same mu a zaure yana fita biro, ya ɗaga yatsa ɗaya, alamar saura damina ɗaya, ya hau moto.

Bazarar da ta biyo baya ita ce mugunyar shekara. Pampo ya yi shiru a unguwanni da yawa, tafkinmu ya zama tsagaggen laka, ƴan ga-ruwa sai ka yi rantsuwa kafin su tsaya maka. Baba ya zaɓi abin da zai ceta a lambu, ya bar sauran, rabin mangwaronmu a leda suka mutu muna kallo. Ƴar tangaran ba ta shan ruwa da yawa, amma busasshiyar iska ce ke kashe ta. Abin da ya raya ta shekara ashirin a garin nan shi ne jiƙaƙƙen yashin da ke ƙarƙashin randuna, to randunan ma rabinsu babu ruwa. Ganye ya fara yamushewa kamar fatar tsohuwa. Na riƙa ɗauko ruwa rabin bido, wato jarka, daga Kara-Kara a kai, in jiƙa buhu in rataye kusa da ita. Wata rana na zo na tarar yashin a jiƙe tun ban zuba ba. Ashe Hajiya ce. A cikin kwano take alwala, sau biyar, ta lallaɓa ta juye a yashin. Ranar ta amsa gaisuwata da "Wushe", irin yadda take amsa wa jikokinta.

Ruwa ya sauka, ganye ya cika. A mako na uku na damina na ga wasu ƴan abubuwa uku a jikin bulalu, a wurin da ganye ke fita. Ba saiwa ba ne, don saiwar jiki tsini gare ta. Waɗannan kansu a dunƙule yake kamar kan ashana. Na fito da gudu ba takalmi.

"Kar ki yi murna," in ji Baba. "Daga yau tukunyar nan ba a juya ta, ba a matsar da ita ko taki ɗaya, ba a bari ta bushe ƙaƙas. In ta ji an canza mata inda haske ke zuwa, sai ta zubar."

Ɗaya ta bushe da kanta ta faɗi. Biyu suka tsaya, duka a kan bulalar da ta naɗe ƙarfen taga. Suka fito da ƴan ƙwayoyi suna rataye kamar ƴan kunne. Na daina jiran Alhamis, kullum in na tashi daga lambu sai na biya.

Mako uku da suka wuce matar Alhaji Bukar ta haihu, aka sa ranar suna. Ranar Talata na shigo da azahar, na ga tsakar gida ba mace ko ɗaya, an kwashe tabarmi, ga bokitin fenti. Hajiya ta bi mai jego likita. Alhaji Bukar na tsaye a baranda da mai fenti. An riga an kawar da randuna. Mai fentin ya ja tukunyar ya ji ta riƙe a taga, sai ya zaro ƴar wuƙa daga aljihu.

Ban san lokacin da na ƙetare tsakar gidan ba. Na dai tsinci kaina a zaune a ƙasa, na rungume tukunyar da hannu biyu, kaina a ƙarƙashin wuƙar. Ni da ko ido ban taɓa haɗawa da Alhaji Bukar ba.

"Ke, lafiyarki? Tashi."

Na ƙara ƙanƙame tukunyar.

"Igiya ɗaya za a yanke a matsar da ita, a yi fenti a mayar. Tashi na ce."

"Alhaji, furen a jikinta yake."

Ya yi dariyar da ba ta daɗi ba. "Ikon Allah. Ke da kika aske ta ƙwal, yau ke ce mai hana yanka?"

"Don na yanke ne na sani, Alhaji."

"Baƙi za su zo daga Yamai su ga bango rabi fari rabi datti, saboda ciyawa?"

Na ce, da muryar da ban san tawa ce ba, "Hajiya damina biyu ta ce. Daminar ba ta ƙare ba. In kun yanke yau, ba ni ce na kasa ba, maganarta aka yanke."

Ina kallon takalminsa kawai. Mai fentin ne ya fara motsi, ya naɗe wuƙarsa. Ya ce, "Alhaji, ni dai ba na shiga tsakanin mutum da maganar uwarsa. Zan zagaye. Ai ko gemu ana aski a zagaye shi." Alhaji Bukar ya yi tsaki ya fita. Na zauna nan har aka gama, ina kare ganye da gyalena kar fenti ya ɗiga. Da na tashi na dafa bango, na kwashi fenti a tafi. Ranar suna baƙi suka ga bango fari tas, da wani tsohon shuɗi mai faɗin tabarma kewaye da taga. Wata ta tambaya, Hajiya ta ce sabon yayi ne.

Bayan kwana huɗu ɗaya daga cikin biyun ta zubar da ƙwayoyinta duka. Na same su a ƙasa da safe. Ko jan da aka yi wa tukunyar ne, ko warin fenti, ko kawar da randuna, Allah ya sani. Saura ɗaya, damina kuma tana haɗa kayanta, gero ya fara nuna. Kwanakin nan ba na iya ba da labarinsu. Gwaggona ta ce abinci nake kai wa baki in mayar a kwano.

Shekaranjiya bayan la'asar na shiga, tun daga tsakar gida na ji wani ƙanshi, mai zaƙi, ba irin na turaren wuta ba. Hajiya na zaune a kan kujera ƴar tsuguno a gindin taga, hannunta a sama.

"Ƴar nan, ke ce? Zo ki gaya mini abin da nake taɓawa."

Dunƙule ne kamar rabin lemu, yana kallon ƙasa. Kowane fure tauraro ne mai tsini biyar, fari da ɗan ja-ja, da wani ƙaramin tauraro a tsakiya mai jan ciki, yana ƙyalli kamar an gasa shi a wuta. A bakin kowanne akwai ɗigon ruwa. Hajiya ta lakato ɗaya ta kai harshe, ta gyaɗa kai.

"Ita ce," ta ce. "A kira mini Bukar."

Ya zo, ya sunkuya, ya daɗe yana kallo. "Wannan ɗan abin ne duk aka tayar da hankalin duniya a kansa?"

"Shi ne. Je ka gaya wa Ilu da bakinka, tunda da bakinka ka kore shi."

Ni kuwa cikina ne ya juya, na tsuguna a gefen randa. Hajiya ta ji, ta ce, "Kar ki yi mini amai a sabon fenti. A ba ta ruwa."

Da na fito zaure Alhaji Bukar na tsaye gaban Baba Ilu, yana gyara hula. Bai iya doguwar magana ba. Ya ce, "Malam Ilu, ta yi. Ranar Alhamis yarinyar ta fara da gidan Ya Fanna, lemunta ya yi ƙwari." Baba ya ce, "To, Alhaji." Shi ke nan, ya hau moto ya tafi.

Sai da ƙarar moton ta ɓace Baba ya nemi buɗe ƙullin goronsa, ya kasa. Shekara biyu ban taɓa ganin alamar tsoro a fuskarsa ba. Na karɓa na kwance masa.

"Guda nawa ne a jiki?" ya ce.

"Goma sha tara."

"Ƙirgawa kika yi ko cewa kika yi?"

"Sau uku na ƙirga, Baba."

Sannan ya ce, "Kin san ni ban taɓa ganin furenta ba?"

Na zaro ido.

"Ta yaya zan gani? Marigayi kan fito mini da tukunyar nan zaure da rani, in duba masa saiwa, ya nuna mini kujerun. In ta ɗauki fure kuwa ba a motsa ta, ni kuma ba na shiga. Duk abin da na gaya miki, rabi daga bakinsa na ji, rabi addu'a ce."

"Baba! Da ba ta yi ba fa?"

"Da ni da ke mun koma tallar zogale." Na zaro portabul zan nuna masa hoto, ya ture hannuna. Ya matsa ya ba ni gefen tabarma. "Ajiye abin nan. Zauna ki faɗa mini yadda take, a hankali, daga tsinken har bakin furen. Kar ki tsallake komai."